KASUWANCIN DA YAKE CIKIN KAN MUTUM ƊAYA: DARASI A KAN TSARIN SARRAFA BAYANAI

Bismillahir Rahmanir Rahim.



'Yan uwa, darasinmu na yau a kan kasuwanci ne da yadda ake riƙe bayanansa. Na san wani zai ce me ya kai Malam maganar kwamfuta da manhaja? To ku saurari abin da ya kai ni.

Kwanakin baya wani bawan Allah ɗan kasuwar atamfa da shadda ya rasu, Allah ya jiƙansa. Aka sa ni cikin waɗanda za su zauna a kan dukiyarsa kafin a raba gado. Shago biyu gare shi da sito ɗaya, kaya maƙil. Da muka tambayi littafin shago, sai aka miƙo mana wani littafi irin na 'yan makaranta. Na buɗe, sai na ga an rubuta: "Alhaji mai mota, dila biyu." Shi ke nan fa. Ba kwanan wata, ba farashi, ba a faɗi ya biya ko bai biya ba. Wane Alhajin? Alhazawa nawa ne masu mota a kasuwa? Wayar mamacin kuma a kulle take, babu wanda ya san lambar sirrinta.

Mutum uku suka zo suka ce suna bin sa kuɗi. Mutum ɗaya tak ne ya kawo kansa ya ce mamaci yana bin sa, Allah ya saka masa da alheri. Yaran shago kuwa sun rantse kayan da ke waje a hannun mutane sun fi na cikin shagon yawa, amma ba su san adadi ba, domin komai a kan maigida yake. Muka shafe watanni ana abu ɗaya. Kafin a gama, 'ya'yan ɗakin uwargida da na ɗakin amarya sun daina gaisawa, kowa yana zargin an ɓoye masa wani abu.

Mutumin nan ba macuci ba ne, kowa ya shaide shi da gaskiya. Matsalar ɗaya ce, kasuwancinsa gaba ɗaya a cikin kansa yake, da aka binne shi sai aka binne lissafin tare da shi. Wannan ya sa na ce sai mun yi darasin nan.

MENE NE TSARIN SARRAFA BAYANAI?

A taƙaice, shi ne duk wani shiri da aka yi don tattara bayani, a adana shi, a sarrafa shi, sannan a isar da shi ga wanda zai yanke shawara da shi a lokacin da yake buƙata. Ku lura, ban ambaci kwamfuta ba tukuna. Littafin bashi da aka tsara da kyau, mai suna da kwanan wata da sa hannu, shi ma tsari ne. Kwamfuta da waya sun zo ne suka ƙara masa sauri da faɗi.

Abin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take: a rubuta, a faɗi wa'adi, marubuci ya yi adalci, a kafa shaidu, kuma kada a ƙosa da rubutawa ko bashin ƙarami ne. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, a zamanin halifancinsa ya kafa diwani, rajistar da aka rubuta sunayen mutane da abin da kowa zai karɓa daga Baitulmali, saboda dukiya ta yi yawa har ta fi ƙarfin a riƙe ta da ka. A Turai kuwa, a shekarar 1494 wani masanin lissafi ɗan Italiya mai suna Luca Pacioli ya wallafa bayanin yadda 'yan kasuwar birnin Benis suke rubuta kowane ciniki a gida biyu, abin da ya shigo da abin da ya fita. Har yau a kan wannan ƙa'ida akantocin duniya suke aiki.

ƊANYEN BAYANI DA SARRAFAFFE

Wannan shi ne tushen darasin, wanda ya gane shi ya gane rabin abin.

Ɗanyen bayani shi ne abin da ya faru, a rubuce, ba a taɓa shi ba: an sayar da katan ɗin taliya ranar Litinin, an sayar da katan ɗin sabulu ranar Laraba, Wane ya karɓi buhun sukari bashi. Kamar gero ne a buhu. Sarrafaffen bayani shi ne bayan an surfa, an niƙa, an tuƙa, ya zama abin da za a ci.

Bari in ba da misali, alƙaluman na ƙaddarawa ne don a fahimta. Mai shagon kayan masarufi yana samun ribar Naira 1,000 a katan ɗin sabulu, yana samun Naira 400 a katan ɗin taliya, kuma a ƙaddara kuɗin sarinsu ɗaya ne. Idan ka tambaye shi wanne ya fi riba, nan take zai ce sabulu. Amma da ya tara rubutun wata biyu ya duba, sai ya ga katan ɗin sabulu yana kwana 40 kafin ya ƙare, na taliya kuwa kwana 4. Ke nan a cikin kwana 40 kuɗin taliya ya juya sau 10, ya kawo Naira 4,000, na sabulu ya kawo 1,000 kacal. Ka ga yanzu ya san inda zai ƙara jari. Da ido da tunani kawai ba zai taɓa gano wannan ba, sai da rubutu.

GINSHIƘAI BIYAR

Masana sun ce kowane tsari irin wannan a kan abubuwa biyar yake tsaye.

1. Na'urori. Waya, kwamfuta, na'urar POS, injin buga rasidi, na'urar karanta lambar kaya, da layin sadarwar da ke haɗa su.

2. Manhaja. Ita ce umarnin da ke gaya wa na'ura abin da za ta yi. Akwai mai sauƙi irin Excel da Google Sheets, akwai manhajojin lissafin shago da ake saukewa a waya, akwai manya irin SAP da kamfanoni ke amfani da su.

3. Bayanan kansu. Sunayen kaya, farashin sari da na sayarwa, sunayen masu bashi, ranakun biya. Inda ake tara su a jere shi ake kira rumbun bayanai.

4. Ƙa'idojin aiki. Wa zai rubuta? Yaushe? Wa ke da ikon rage farashi? Wa zai iya goge abin da aka shigar? Yaushe ake ƙirga kayan sito?

5. Mutane. Maigida, yaron shago, mai sito, akanta.

Mu a nan mun fi ba na ɗaya da na biyu muhimmanci. Mutum zai sayi kwamfuta mai tsada ya girke a shago, a lulluɓe ta da ƙyalle, ƙura ta yi ta hawa. Alhali na huɗu da na biyar su ne ran abin. Idan yaro ya sayar da turmi biyar ya shigar da uku, kwamfuta ba ta san gaibu ba, uku za ta lissafa maka, ta fito da shi a tsare gwanin sha'awa, kuma ƙarya ce. Abin da ka zuba mata shi za ta dafa maka.

YADDA YAKE AIKI

Matakai huɗu ne: shigarwa, sarrafawa, fitarwa, da adanawa. Akwai kuma na biyar da ake yawan mantawa, wato a koma a gyara aiki da abin da aka gano.

Ku dubi abin da ke faruwa a babban kanti idan ka kai kaya wurin biya. Ma'aikaci zai haska waɗannan layukan baƙaƙe da ke jikin kwali, wannan shigarwa ce. Na'ura ta nemo farashi a rumbu, ta haɗa jimilla, ta rage ɗaya daga adadin da ke sito, wannan sarrafawa ce. Ta buga maka rasidi, fitarwa ke nan. Ta ajiye cinikin da lokacinsa, adanawa. Idan kayan suka kusa ƙarewa sai ta sanar da manaja ya yi oda. An fara haska irin wannan lamba a kanti ranar 26 ga Yuni, 1974, a garin Troy da ke jihar Ohio a Amurka, kuma abin da aka fara sayarwa da ita fakitin cingam ne.

Wani abin da zai ba ku mamaki, kamfanin da ya fara sa kwamfuta aikin ofis na yau da kullum ba banki ba ne. Kamfanin J. Lyons ne a Ingila, masu shagunan shayi da gidajen burodi. A 1951 kwamfutarsu mai suna LEO ta fara lissafin kuɗin kayan gidan burodi, daga baya ta koma lissafa albashin ma'aikata da odar shagunansu. Me ya kai masu shayi ƙera kwamfuta? Cinikinsu ƙanana ne masu ɗimbin yawa, ribar kowane kaɗan ce, kuma burodi ba ya jira. In an gasa da yawa ya lalace, in an gasa kaɗan a rasa ciniki. Matsalar mai shayin bakin tasha ce sak, girma kawai ya bambanta.

HAWA UKU NA TSARIN

Hawa na farko shi ne mai rubuta cinikin yau da kullum: saye, sayarwa, biya, karɓa. Yaran shago da masu karɓar kuɗi ne ke aiki da shi.

Hawa na biyu shi ne mai tattara wancan ya fitar da rahoto na mako ko na wata: me aka sayar, me ya rage, wa ya wuce wa'adin biya. Na manaja ne.

Hawa na uku shi ne mai taimakon maigida wajen yanke shawara babba: idan Dala ta tashi da kaza, nawa zan sayar in fita? Idan na buɗe reshe a wani gari, wata nawa kafin ya mayar da kuɗinsa?

Kowane hawa a kan na ƙasansa yake zaune. Wanda bai gyara rubutun cinikin yau da kullum ba, duk rahoton da zai fitar daga baya zance ne kawai. Manyan kamfanoni kuma sukan haɗa sashen saye, sito, albashi da lissafi a rumbu ɗaya, ta yadda idan mota ta fita da kaya daga sito, akanta yana gani a take.

AMFANINSA GA ƊAN KASUWA

Na farko, raba uwar kuɗi da riba. Da yawanmu aljihu ɗaya ne: cefane daga ciki, kuɗin makaranta daga ciki, gudummawar biki daga ciki. Mutum yana ganin kuɗi na shigowa kullum yana zaton riba yake ci, ashe jarinsa yake cinyewa. Sai ranar da ya je sari ya ga kuɗin ba su kai ba, sannan a fara cewa an yi masa asiri ko an sa masa hannu.

Na biyu, sanin lokacin sari. Idan kana sayar da katan 10 a rana, kuma kaya suna kwana 3 a hanya, to da zarar saura katan 30 ka riga ka kai gaɓa, sai ka ƙara wani abu a kai saboda lalacewar mota ko rufe hanya. Mai kantin magani kuma tsarin zai nuna masa wanda wa'adinsa ya kusa ƙarewa, kada ya sayar wa mutane abin da zai cutar da su.

Na uku, bin bashi. Suna, lambar waya, adadi, ranar karɓa, ranar alkawari. Rubutu yana kare mai bin bashi, yana kuma kare wanda ake bi, domin wani lokaci mutum ya biya ne aka manta, a sake tambayarsa, zumunci ya ɓaci.

Na huɗu, kare mutuncin yaran shago. Inda babu lissafi, duk abin da ya ɓace yaro ne ɓarawo. Yara nawa aka kora da zargi alhali maigida ne ya ɗauka ya manta? Inda akwai lissafi kuwa, mai gaskiya ya huta, mai hannu kuma ya san za a gane.

Na biyar, zakka. Ɗan kasuwa mai juya kaya, idan shekara ta zagayo, zai yi wa kayan sayarwarsa ƙima, ya haɗa da kuɗin hannu da na banki da basussukan da yake sa ran za a biya shi, ya cire wanda ake bin sa, in ya kai nisabi ya fitar da ɗaya cikin arba'in, wato kashi 2.5 cikin 100. To wanda bai san abin da ke sitonsa ba, yaya zai yi? Sai kirdado. Kirdadon nan kuma, mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba kasafai yake karkata wajen talaka ba.

Na shida, samun abokin haɗin gwiwa. Wanda zai ba ka jari a raba riba, ko bankin da ba ya mu'amala da ruwa irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, abin da za su fara tambaya shi ne ina lissafinka na baya? Rantsuwa ba ta isa a nan.

Ko mun so ko mun ƙi ma, mun riga mun shiga ciki. Tun 2014 aka ɓullo da lambar BVN mai alƙaluma 11 da ke haɗa asusun mutum a duk bankuna. Kuma kowa ya tuna farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun Naira bayan canjin kuɗi, yadda mai nama da mai kayan miya suka koma karɓar tiransifa dole. Duk tiransifar da ka karɓa, wani tsarin bayanai ne ya rubuta ta. Saura kai ka rubuta naka ɓangaren.

INDA HATSARI YAKE

Kada wani ya ɗauka abin duk alheri ne ba ƙaya.

Akwai ɓacewar bayani. Littafi yana ƙonewa tare da kaya, kuma mutanen Kano ba su manta gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba. Waya ana sacewa, kwamfuta tana mutuwa. A watan Yunin 2017 wata muguwar manhaja da ake kira NotPetya ta shiga kwamfutocin kamfanin jiragen ruwa na Maersk, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya wajen dakon kwantena. Aiki ya tsaya a tashoshinsu, manyan motoci suka yi layi, aka koma rubutu a takarda. Sai da suka sake ɗora manhaja a kan kwamfutoci kusan 45,000, asarar ta kusa Dala miliyan 300. Wani muhimmin kundi da suke buƙata don tayar da tsarin, kwafinsa ɗaya ne ya tsira, a ofishinsu na Ghana, shi ma don an ɗauke wuta ne na'urar tana kashe lokacin da abin ya faru. Idan kamfani irin wannan ya kusa durƙushewa saboda rashin kwafi a gefe, ina ga ni da kai?

Akwai damfara. Alat na bogi ya cinye mutane da yawa. Ƙa'ida ita ce kada kaya su fita sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka, saƙon tes ko hoton rasidi ba hujja ba ne. Kuma babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai kira ka ya nemi lambar sirrinka.

Akwai cin amanar bayanan mutane. Lambar wayar matar da ta sayi kaya a wurinka, da sunan wanda kake bi bashi, amana ce. Ba a ba ka don ka raba wa abokai ba, ba kuma don ka watsa hotonsa kana tona masa asiri ba. A Najeriya ma an sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023.

Akwai kuma ƙaryar da ake yi da tsarin kansa: littafi biyu, ɗaya na gaskiya ɗaya na nuna wa abokin tarayya. Wannan ha'inci ne, ko da biro aka yi shi ko da kwamfuta.

DAGA INA ZA A FARA?

Ba sai ka sayi komai mai tsada ba. Ga shawarata:

1. Ka raba asusun kasuwa da na gida, ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa ɗauka duk wata.

2. Ka tanadi littafi uku, ko shafi uku a waya: na ciniki, na kayan sito, na bashi (wanda kake bi da wanda ake bin ka).

3. Kowane shigarwa ya ɗauki abu biyar: kwanan wata, cikakken suna, kaya, adadi, kuɗi. A daina "Alhaji mai mota".

4. A rubuta a lokacin da abin ya faru. "Bari anjima" ita ce ƙofar mantuwa.

5. Duk dare a gwada kuɗin da ke hannu da abin da ke rubuce. Duk wata a ƙirga kayan sito.

6. Duk mako ka ɗauki hoton shafukan ka ajiye a wani wuri da ba shagon ba.

7. Ka sami mutum ɗaya amintacce da ya san inda bayanan suke da yadda za a kai gare su idan ta Allah ta kasance.

Idan ka riƙe wannan wata shida ba fashi, sannan ka nemi manhaja, za ka ga ta zauna daidai, domin ɗabi'ar ta riga ta kafu. 'Yan uwa mata masu sana'a a gida, masu sayar da turare, kayan kicin, atamfa ta WhatsApp, da iyayen adashi, har da ku nake. Uwar adashin da ke riƙe da kuɗin mata 30 a ka, ranar da ta kwanta ciwo rigima ce za ta tashi. Matasanmu da suka karanta kwamfuta suna zaune kuma, ga aiki nan a kasuwa, ku je ku taimaki iyayenku ku tsara musu, da ladabi, ba da raina abin da suka saba ba.

Na san wani zai ce kakanninmu sun yi fatauci har Gwanja ba su san wannan ba. Gaskiya ne sun yi, amma ayarinsu ma yana da madugu da jagaba da marubucin da ke riƙe da lissafi, kuma ba su karɓar tiransifa 50 a wuni daga mutanen da ba su taɓa gani ba. Wani kuma yana gudun rubutu ne don kada a san abin da ya mallaka. Ɓoye sirrin dukiya daga idon jama'a daidai ne, amma kada ka ɓoye ta har magadanka su rasa hanyarta.

Ku tuna, kafin a raba gado sai an biya bashi. Idan ba a san bashin ba, ko dai a ci haƙƙin wanda yake bi, ko a ba wani abin da ba nasa ba daga rabon marayu. Duka biyun nauyi ne, kuma rubutun minti biyu zai iya ɗauke shi. Don haka yau kafin ka kwanta, ɗauki biro ka fara da shafi ɗaya: wa nake bi, wa yake bi na.

Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya ciyar da mu halal, ya raba mu da haƙƙin mutane, ya jiƙan magabatanmu.

Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.